Shekara Biyar Kafin a Zama Injiniyan Muhalli: Abin da Jami'a Ke Nema

Shirin yau na ɗalibai ne, da iyayensu, da malaman sakandare. Batunsa wani fannin karatu ne da ba kasafai ake jin sunansa a majalisa ba, alhali duk wanda ya murɗa famfo ya sha ruwa ya amfana da aikin masu shi. Fannin shi ne injiniyancin muhalli.

Tambayar guda ce. Me jami'a a Najeriya ke nema a wurin ɗalibi kafin ta ɗauke shi, kuma kafin ta miƙa masa wannan digiri? Shirin zai zo kashi huɗu. Na farko, wane ne injiniyan muhalli. Na biyu, ƙofar shiga. Na uku, shekaru biyar ɗin da ake yi a ciki. Na huɗu, abin da ke biyo bayan digiri. Mai alƙalami a kusa ya ɗauko, don akwai abubuwan rubutawa.

To, ga kashi na farko. Wane ne injiniyan muhalli?

A shekarar 2010, yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Da ƙungiyar likitocin na-gari na-kowa, wato MSF, ta sa aka gwada jinin yaran, sai aka gano gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya ne ke kawo duwatsu cikin gari, a daka, a niƙa, har a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa. Yaro ya yi rarrafe, ya sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Likitoci na da maganin da ke fitar da dalma daga jini. Amma ina amfanin maganin idan za a mayar da yaro tsakar gidan da ya kwaso gubar? Dole a fara warkar da ƙasar. Nan injiniyoyin muhalli suka shigo, cikinsu har da na kamfanin TerraGraphics daga Amurka, tare da ma'aikatan Jihar Zamfara da mutanen ƙauyukan. Suka bi gida-gida da na'urar auna dalma. Aka kankare saman ƙasar da ta gurɓata, aka kai ta ramin da aka tanada aka binne, aka zubo sabuwa mai tsafta. Garin Bagega sai a 2013 aka tsaftace shi, sannan aka samu damar fara yi wa yaransa magani.

Jama'a, wannan shi ne aikin. Likita yana jiran mara lafiya ya zo. Injiniyan muhalli yana zuwa inda cutar ke fitowa ya toshe.

Shi ke tsara matatar ruwa irin ta Tamburawa da ke shayar da Kano. Shi ke tsara yadda za a tace ruwan da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai ke fitarwa, kafin ya gangara kogi. Shi ke lissafin faɗin magudanar ruwa. Shi ke zaɓar inda za a kai sharar birni ba tare da ruwanta ya tsiyaya cikin rijiyoyi ba. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumbar 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, tambayoyin da suka taso nasa ne: nawa madatsa za ta iya ɗauka, ina ruwa zai bi idan ya yi yawa, kuma me mutane za su sha bayan ambaliya ta haɗa masai da rijiya.

Kafin a bar wannan kashi, ga gargaɗi. Akwai kwasa-kwasai da dama masu ɗauke da kalmar muhalli. Akwai kimiyyar muhalli. Akwai kula da muhalli. Akwai lafiyar muhalli, karatun da ke fitar da duba-gari. Akwai ma tsangaya guda ta muhalli a jami'o'i da yawa, inda ake koyar da zanen gine-gine da tsara birane. Duk karatu ne masu amfani, amma ba su ne injiniyanci ba. Mai son zama injiniya ya duba cewa kwas ɗin yana ƙarƙashin tsangayar injiniyanci. A sake ji: tsangayar injiniyanci.

Yanzu sai kashi na biyu, ƙofar shiga.

Ƙofar nan ba a jami'a take ba. Tana can a sakandare, a makon farko na aji huɗu, wato SS1. Ranar da malami ya shigo da takarda ya ce kowa ya zaɓi ɓangare, kimiyya ko adabi ko kasuwanci, ranar ake fara yanke hukunci. Yarinya 'yar shekara 14 ta ga ƙawayenta sun rubuta sunansu a ajin adabi, ta bi su. A gida ba wanda ya tambaye ta. Bayan shekara uku ta ce injiniya take so ta zama, sai a ce mata ai ba ta yi fiziks ba. Iyaye, wannan makon naku ne. A zauna da yaro, a tambaye shi, a je a ga malaminsa.

Sharaɗi na farko, kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ko WAEC, ko NECO, ko NABTEB. Huɗu daga ciki ba makawa: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Na biyar wani darasin kimiyya ne, kamar bayoloji, ko aikin gona, ko zanen fasaha, gwargwadon abin da jami'ar ta yarda da shi. Kiredit na nufin daga C6 zuwa sama. D7 ba kiredit ba ne, E8 ma haka. Kuma a haɗa su a zama bai wuce biyu ba.

Sharaɗi na biyu, jarrabawar JAMB. Hukumar tana wannan aiki tun 1978. Darussa huɗu ake zaɓa, jimillar maki 400. Na injiniyanci su ne Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Kuskuren da ake yawan yi a shagon cike fom shi ne, yaro ya ji an ce muhalli, sai ya ɗauka itatuwa da dabbobi ne, ya sa bayoloji a gurbin lissafi ko fiziks. Ko ya ci maki mai yawa, haɗin bai yi daidai ba, kuma gurbin ba zai samu ba. Don haka a riƙe su: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri.

Sharaɗi na uku, tantancewar jami'ar kanta. Wasu na yin jarrabawa ta biyu, wasu na duba takardu kawai. Kowace tana da makin da take yankewa, kuma na injiniyanci yakan ɗara na kwasa-kwasai da yawa. Makin da aka sanar a matsayin mafi ƙaranci na ƙasa baki ɗaya ba shi ne makin sashe ba.

Akwai kuma ƙofa ta biyu, ta shiga kai-tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE. Wanda ya yi IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko ya yi difloma ta ƙasa a kwalejin kimiyya da fasaha a fannin da ya dace, da sakamako mai kyau, yana iya farawa daga aji biyu. Nasa karatun shekara huɗu ne. Amma kiredit biyar ɗin nan suna nan a kansa.

To a ina ake karatun? Sunan yakan bambanta, don fannin yakan zo haɗe da wani. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli. Jami'ar Ilorin ma haka take kiransa. A Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan an haɗa shi da injiniyancin noma. A Jami'ar Legas an haɗa shi da injiniyancin gine-gine da hanyoyi. Mai son ruwan sha da madatsu, da mai son ban-ruwa da ƙasar noma, kowa ya duba haɗin da ya dace da shi.

'Yan'uwa masu sauraro a Nijar, tsarinku daban ne. Ana shiga da bakaloriya ta kimiyya, a yi lisans shekara uku, a ƙara biyu na masta. Kuma akwai cibiyar 2iE a birnin Wagadugu na Burkina Faso, wadda ta shahara wajen horar da injiniyoyin ruwa da muhalli daga ƙasashen Afirka da dama.

Masu sauraro, shirin faɗakarwa kuke tare da shi, ana magana kan digirin injiniyancin muhalli. An shiga kashi na uku, kuma shi ne mafi tsawo: shekaru biyar a cikin jami'a.

Da farko a fahimci ma'aunin. Jami'a ba ta ƙirga karatu da shekara kaɗai. Tana ƙirgawa da abin da ake kira yunit. Yunit ɗaya shi ne awa ɗaya na lacca a kowane mako har zango ya ƙare, ko awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke sa mafi ƙarancin abin da za a koyar. A Disambar 2022 ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS. A wannan tsari hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, jami'a ta cike sauran 30 da abin da ya dace da yankinta. Ɗalibin injiniyanci da ya shigo ta JAMB sai ya tara aƙalla yunit 150 kafin ya fita.

Aji ɗaya, tushe ne. Lissafi, fiziks, kemistiri, kwamfuta, da darussan bai-ɗaya irin su Turanci da al'adun Najeriya. Ɗalibai da yawa sukan raina wannan shekara, su ce ai maimaicin sakandare ce. Makinta kuwa yana cikin lissafin ƙarshe.

Aji biyu, duk ɗaliban injiniyanci tare suke karatu. Zanen injiniyanci. Ƙarfin kayan gini, wato nawa ƙarfe ko kankare zai ɗauka kafin ya karye. Ilimin motsin ruwa da iska. Ilimin zafi. Lantarki. A ƙarshen shekara akwai horon aikin hannu da ake kira SWEP, inda ɗalibi zai sa rigar aiki, ya riƙe zarto, ya yi walda, ya kwaɓa siminti.

Aji uku ake shiga gida. Ilimin tafiyar ruwa a bututu da magudana. Ilimin ruwan sama da koguna da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Halayen ƙasa. Safiyo. Sinadaran ruwa da ƙwayoyin cutar da ke cikinsa.

Bari a leƙa ɗakin gwaje-gwaje a ga abu ɗaya da ido. Ga tulunan gilashi shida a jere, kowanne da lita ɗaya ta jan ruwan kogi na damina. Ɗaliba ta zuba alif a kowanne, amma awon ya bambanta: na farko kaɗan, na ƙarshe da yawa. Ta kunna na'ura ta juya su da sauri na ɗan lokaci, sannan a hankali. Sai ta kashe, ta zuba ido. A wasu tulunan laka ta fara dunƙulewa, tana sauka ƙasa, sama na washewa. A wasu ruwan na nan jawur. Ta auna, ta rubuta tulun da ya fi washewa da alif mafi ƙaranci.

Uwargida a ƙauye ta san alif na kwantar da ruwa. Abin da jami'a ke ƙarawa shi ne awo. Ga misali. Gari mai mutum 50,000, a ce kowa na buƙatar lita 60 a rana. Lita miliyan 3 ke nan. Idan gwaji ya nuna kowace lita na son miligiram 30 na alif, matatar garin za ta ci kilo 90 a rana, kusan buhu biyu. A rage, mutane su sha laka. A zarce, an yi asarar kuɗi, an kuma ɓata ruwan. Bayan alif sai tacewa ta cikin yashi, sai kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a nan ba sassauci: a mililita 100 na ruwan sha kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya, wato ƙwayar da ke nuna bahaya ya taɓa ruwan.

Kun ga dalilin da ya sa aka nace sai da kiredit a lissafi da kemistiri? Ba don a wahalar da yaro ba ne. Lissafin nan wani ne zai sha shi.

Haka abin yake a tsakar gida. Maigida zai haƙa masai, ga rijiya a gefe. Ɗalibin aji uku ya san ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare. Ya kuma san dalili: ruwa na tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ya fi sauri a rairayi, ya fi nawa a yumɓu.

Aji huɗu rabi biyu ne. Zangon farko a aji. Zango na biyu kuwa a fita wata shida a wurin aiki. Sunan shirin SIWES, ɗalibai na ce masa aiti. Asusun horar da ma'aikata, ITF, shi ya kafa shi a 1973. Ɗalibi zai tafi hukumar ruwan sha, ko kamfanin gine-gine, ko masana'anta, ko hukumar raya kogi. Za a ba shi littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kullum, shugabansa a wurin aiki ya sa hannu, malami ya zo daga jami'a ya duba. Da ya dawo ya rubuta rahoto, ya kare shi a gaban malamai. Wannan wata shida darasi ne mai maki. Wanda ya zauna a gida ya sa aka buga masa hatimi ya cuci kansa, don a nan ne ake fara taɓa famfon gaske da injin gaske.

Aji biyar, shekarar tsarawa. Tsara matatar ruwan sha. Tsara matatar ruwan ƙazanta. Sarrafa shara. Gurɓatar iska. Tattalin aiki da kwangila. Sai dokokin muhalli, kuma su ma suna da tarihinsu. A 1988 aka gano an jibge ganguna masu guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. A shekarar gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka yi dokar da ta ce kafin a fara babban aiki, kamar madatsa ko masana'anta, sai an binciki illar da zai yi wa mutane da muhalli. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin ƙa'idoji. Rubuta irin wannan rahoton bincike na cikin abin da ɗalibin aji biyar ke koyo.

Sai kundin kammalawa, wanda ɗalibai ke kira furojek. Ɗalibi ya ɗauki matsala ɗaya ta gaske, kamar ingancin ruwan rijiyoyin wata unguwa, ya ɗebo, ya gwada, ya rubuta, ya ba da mafita. A ƙarshe ya tsaya ya kare aikinsa, har da mai jarrabawa daga wata jami'a. Ba furojek, ba digiri.

Kafin a rufe wannan kashi, a yi maganar maki. A yawancin jami'o'i, 70 zuwa sama shi ne A, mai daraja 5. Ƙasa da 40 faɗuwa ce. Ana haɗa duk darussan a fitar da matsakaici, wanda ake kira CGPA. Daga 4.50 zuwa 5.00, digiri mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49, daraja ta biyu babba. Daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta biyu ƙarama. Daga 1.50 zuwa 2.39, daraja ta uku.

Darasin da aka faɗi sai an maimaita shi, shi ne kari-oba. Kuma wasu darussan ba a ɗaukarsu sai an ci na gabansu. Kamar ginin katangar ƙasa ne, ba a aza sahu na biyu sai na farko ya sha iska. Wanda ya faɗi lissafin aji biyu yana iya tarar da an rufe masa na aji uku, shekara guda ta ƙaru. Jami'o'i kuma galibi na neman halartar kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a shiga jarrabawa.

Jama'a, ga kashi na huɗu kuma na ƙarshe: amincewar hukuma, da abin da ke bayan digiri.

Hukumomi biyu ke duba kwas ɗin injiniyanci. NUC ɗaya. Ta biyu ita ce majalisar kula da aikin injiniyanci ta Najeriya, COREN, wadda aka kafa a 1970. Wakilansu kan je jami'a su ƙirga malamai, su shiga ɗakunan gwaje-gwaje, su duba takardun jarrabawa. Idan kwas bai sami amincewar COREN ba, wanda ya gama shi zai sha wahala wajen yin rajista. Duka hukumomin biyu na wallafa sunayen kwasa-kwasan da suka amince da su a intanet. Kafin a biya kuɗin makaranta, a duba. Amincewar ta kwas ce, ba ta jami'a gaba ɗaya ba.

Bayan digiri sai hidimar ƙasa ta shekara guda. Sai aiki a ƙarƙashin ƙwararrun injiniyoyi, aƙalla shekara huɗu bayan kammalawa. Sannan mutum ya gabatar da rahoton ayyukansa, a yi masa tambayoyi, COREN ta yi masa rajista. A lokacin ne doka ta san shi da sunan injiniya, ya sami hatimin sa hannu a kan zane. Wuraren aiki kuwa sun haɗa da hukumomin ruwan sha na jihohi, hukumomin raya kogunan Haɗeja-Jama'are da Sakkwato-Rima da Tafkin Chadi, ma'aikatun muhalli, masana'antu, kamfanonin ba da shawara, da ƙungiyoyin agaji.

To masu sauraro, a maimaita a taƙaice. Ajin kimiyya tun SS1. Kiredit biyar, cikinsu Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Waɗannan huɗun dai a JAMB. Shekara biyar, ko huɗu ga mai shiga kai-tsaye. Wata shida a wurin aiki. Furojek a aji biyar. Kwas mai amincewar NUC da COREN.

Kira ga iyaye: duk mai ɗa ko 'ya da ke shirin shiga SS1, ya je makarantar a wannan zango ya tambaya ko akwai malamin fiziks da na kemistiri, kuma ko ana shiga ɗakin gwaje-gwaje. Kira ga malamai: a gaya wa yara, maza da mata, cewa akwai wannan fanni, tun kafin su zaɓi ɓangare. Ku kuma ɗalibai masu shirin cike fom, kada ku bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa muku darussa. Ku karanta kundin bayanin JAMB da kanku, ku duba haɗin sau biyu kafin a tura.

Nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.